Yadda Ake Karanta Ƙudirin Dokar Kafofin Sada Zumunta

Ni daga ƙarshe nake fara karanta ƙudirin doka. In wata gwamnati ta fito da takarda ta ce da ita za ta ja kunnen Facebook da TikTok da X da YouTube, ba na ɓata lokaci a shafin farko, inda ake jera kyawawan manufofi: kare yara, yaƙi da ƙarya, tabbatar da zaman lafiya. Wannan shafi kowa ya iya rubuta shi, kuma ba da shi alƙali ke yanke hukunci ba. Kai tsaye nake zarcewa sashen laifuffuka, in nemi amsar tambaya ɗaya: wa za a ci tara, wa za a kai gidan yari? Kamfanin ne, ko kuwa mutumin da ya danna layi biyu a wayarsa?

Ba sai ka zama lauya za ka iya wannan aikin ba. Abin da kake buƙata shi ne ainihin takardar, da biro, da haƙurin zama. Na ce ainihin takardar, ba kanun labari ba, ba saƙon muryar da wani ya turo yana rantsuwa ya karanta ba. Majalisu da dama suna sa ƙudirorinsu a shafinsu na intanet, inda kuma aka yi nauyin hannu, ƙungiyoyin 'yan jarida da na lauyoyi sukan tono su fitar. Ka duba kwanan watan kwafin da ke hannunka, domin ƙudiri yana sauya kama tsakanin karatu na ɗaya da na uku. Na Birtaniya ya daɗe ɗauke da wani tanadi a kan abubuwan da ba su saɓa wa doka ba amma suna iya cutar da manya. An cire tanadin a ƙarshen 2022, dokar kuma ba ta tabbata ba sai Oktoban 2023. Wanda ya riƙe tsohon kwafi sai ya yi ta faɗa da abin da ba ya nan.

Wuyan wa aka riƙe?

Ka bi sashen hukunci layi-layi. Duk inda aka ce kamfani ne zai biya, sa harafin K a gefe. Duk inda aka ce "duk mutumin da ya...", sa M. In ka gama, ka dubi gefen takardar daga sama zuwa ƙasa. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ko dokar kamfanoni ce ko dokar bakin jama'a ce aka sa mata rigar kamfanoni.

Ostireliya ta zartar da doka a Nuwamban 2024 wadda ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar asusu a manyan kafofin, ta fara aiki a Disamban 2025. Kana iya ƙin dokar, mutane da yawa sun ƙi ta, amma dubi inda ta ɗora nauyi: kamfanin da bai ɗauki matakan da suka dace ba yana iya biyan tarar da ta kai dalar Ostireliya miliyan 49.5. Yaron da ya yi dabara ya shiga ba shi da laifi, iyayensa ma haka. To ɗauko ta Turkiyya ta 2022, mai ɗaurin da ya kai shekara uku ga wanda ya yaɗa labarin ƙarya da ya shafi tsaro ko zaman lafiyar jama'a. Ko ta Rasha ta Maris 2022, mai ɗaurin har shekara 15 a kan abin da hukuma ta kira ƙarya game da sojojinta. Ko ta Habasha ta 2020, inda hukunci ke ƙara nauyi in mai asusun yana da mabiya sama da 5,000. Yuganda kuwa a 2018 ba ta wahalar da kanta ba, haraji kawai ta sa, shilin 200 kowace rana ga mai son buɗe WhatsApp ko Facebook. Duk da sunan gyara aka tallata su, amma ba kamfani ne ke kwana a ofishin 'yan sanda ba.

Ba ina cewa kada a taɓa hukunta mutum ba ne. Wanda ya yi barazanar kisa, ko ya ingiza a far wa wasu, ko ya watsa hoton tsiraicin wata don ya tozarta ta, laifi ya yi, a waya ne ko a bainar jama'a. Sai dai yawancin irin waɗannan laifuffuka ƙasashe suna da dokokinsu tun kafin zuwan intanet. Don haka a gaban kowane M ka rubuta tambaya: me wannan ya ƙara a kan dokar da ake da ita? In abin da ya ƙara sabon laifi ne mai faɗin da ba a ga iyakarsa, ka riga ka gano inda ƙudirin ya dosa.

Alhakin rubutun wani

Daga nan ka nemi sashen da ya faɗi lokacin da kamfani ke ɗaukar alhakin abin da wani ya wallafa a shafinsa. Tsohuwar gardama ce: kamfanin kamar editan jarida yake, wanda ke amsa kowane layi da ya buga, ko kamar ma'aikacin gidan waya, wanda ba a tuhumarsa da abin da ke cikin wasiƙa? A gaskiya babu wadda ta zauna masa daidai. Ma'aikacin gidan waya ba ya zaɓar wasiƙar da ta fi tunzura mutane ya kwafe ta ya bi gida-gida da ita, edita kuma ba ya karɓar rubutu miliyoyi cikin awa guda.

Amurka ta amsa tun 1996 da Sashe na 230 na dokarta ta sadarwa, wanda ya ce ba za a ɗauki mai shafi a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta ba. A inuwar wannan sashe manyan kamfanonin suka girma. Tarayyar Turai tun shekarar 2000 ta bi wata hanya: kamfani ba shi da laifi har sai ya san da haramtaccen abu a shafinsa ya ƙi cire shi, kuma babbar dokarta ta 2022, wadda ake kira DSA, ta bar wannan yadda yake. Brazil a 2014 ta ce a mafi yawan lamurra sai kotu ta ba da umarni kamfani ya bijire sannan a kama shi, ko da yake Kotun Ƙolinta ta rage wannan kariya a 2025.

Ka gano wace hanya ƙudirin hannunka ya bi, sannan ka tuna cewa kowane gefe yana da ramin kansa. In ka ce kamfani zai amsa komai, to duk abin da ya yi masa kama da rigima zai goge shi, gaskiya ne ko ƙarya, domin gogewa ba ta cinsa ko sisi. In ka ce ba zai amsa komai ba, to ba abin da zai sa ya kashe kuɗi a wuraren da talla ba ta kawo masa riba. An ga haka a Myanmar, inda masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka nuna a 2018 irin rawar da Facebook ya taka wajen yaɗa ƙiyayya a kan 'yan Rohingya, kamfanin da kansa kuma ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. Takardun da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar a 2021 sun ƙara nuna cewa mafi yawan ƙoƙarin sa ido a kan Turanci da Amurka yake ƙarewa. Shi ya sa nake neman wani ɗan ƙaramin layi da ba kasafai ake kula da shi ba: shin ƙudirin ya tilasta wa kamfani ya bayyana yawan mutanen da ya ɗauka don duba rubutu a kowane harshe? DSA ta tilasta wa manya yin haka a harsunan hukuma na ƙasashen Tarayyar. Ga duk mai rubutu da harshen da injin kamfani bai iya ba, wannan layi ya fi shafi goma na barazana amfani, domin rashin masu duba cuta biyu yake jawowa: a bar mai tunzura jama'a yana shan iska, a rufe asusun mai wasa da abokinsa.

Ka kuma duba ko an ce dole kamfani ya riƙa tace duk abin da ake sakawa tun kafin kowa ya kai ƙara. Dokar Turai ta hana a ɗora wannan wajibi na bai-ɗaya. In ka gan shi a ƙudiri, ka sani inji ne zai zama alƙali.

Sashen da kowa ke tsallakewa

Yanzu koma wurin da ake bayyana ma'anar kalmomin doka. Shi ya fi kowane sashe gundura, kuma a nan ake binne komai. Ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ba za ka iya aunawa ba: "ɓata rai", "cin fuska", "tayar da hankali", "zubar da ƙimar ƙasa", "ƙarya".

Indiya ta taɓa samun irin wannan a Sashe na 66A na dokarta ta fasahar sadarwa, wanda ya haramta aika saƙo mai muni ko mai damun mutane. A 2012 an kama wani malamin jami'a don ya tura zanen barkwanci, an kuma kama 'yan mata biyu, ɗaya don ta yi rubutu a Facebook, ɗaya don ta danna alamar ta ji daɗin rubutun. Kotun Ƙolin ƙasar ta soke sashen a 2015, hujjarta kuwa mai sauƙi ce: mutum ba zai iya sanin abin da aka haramta masa ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya zo da kalmomi masu kama da waɗannan, aka yi ta gurfanar da 'yan jarida da shi, har aka taƙaita shi a gyaran 2024.

Ga gwajin da nake yi, kai ma ka yi shi. Ka ƙirƙiri rubutu uku a zuciyarka. Na farko, wani ya yi wa minista shaguɓe cikin raha. Na biyu, wata ta yaɗa labarin hatsari da zuciya ɗaya, daga baya ta bayyana adadin da ta faɗa ba daidai ba ne. Na uku, ɗan jarida ya zargi wata hukuma da sama da faɗi da kuɗi, yana da takardu a hannu amma kotu ba ta tabbatar ba tukuna. Ka bi da su ɗaya bayan ɗaya ta cikin ma'anar da ƙudirin ya bayar. In ko ɗaya ya maƙale, ma'anar ta yi faɗi. Abin da ke ceton irin waɗannan mutane shi ne a ce dole sai an tabbatar mutum ya san ƙarya ce, ya yi da gangan, kuma akwai takamaimiyar cutarwa da ta biyo baya, a kuma keɓe barkwanci da ra'ayi da aikin jarida a fili, ba a bar su ga tausayin mai gabatar da ƙara ba.

A nan zan yaba wa dokar Jamus ta 2017, NetzDG, duk da ina da ƙorafi a kanta da zan zo gare shi. Ba ta ƙirƙiro sabon laifi ba. Sassan dokar laifuffukan ƙasar da ake da su ta lissafo, ta ce abin da ya saɓa wa waɗannan shi za a cire. Ma'aunin da duniya ta yi ittifaƙi a kansa kuwa yana cikin Sashe na 19 na yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966: taƙaita magana sai da doka bayyananniya, don manufa halattacciya, kuma gwargwadon larura. In ƙasar ta sa hannu a yarjejeniyar, kana da ikon tunatar da 'yan majalisarta.

Wa ke ba da umarni?

Ka nemo sunan mai ikon cewa "a sauke wannan". Kotu ce? Hukuma mai zaman kanta ce? Ko minista ne, ko 'yan sanda?

A Singafo, dokar 2019 ta ba kowane minista ikon ayyana magana a matsayin ƙarya, ya umarci a manna mata gyara ko a cire ta. In ba ka yarda ba, wurin ministan nan za ka fara kai kuka kafin ka isa babbar kotu. Wanda aka fara amfani da dokar a kansa ɗan jam'iyyar adawa ne. Indiya ta so kafa wani sashen gwamnati a 2023 da zai riƙa tantance labaran da suka shafi gwamnatin kanta, Babbar Kotun Bombay ta soke tsarin a 2024. An ba kura ajiyar nama ke nan, kuma ba sai kura ta kasance muguwa ba, yunwa kaɗai ta isa.

In ƙudirin ya ce hukuma mai zaman kanta ce, kada sunan ya ruɗe ka. Wa ke naɗa shugabanta? Wa'adinsa a rubuce yake, ko ana iya sallamarsa da takarda guda? Daga ina kuɗinta ke fitowa? Minista yana da ikon ba ta umarni? Ana iya ƙalubalantar hukuncinta a kotu? Birtaniya ta miƙa aikin ga Ofcom, hukumarta mai kula da kafofin sadarwa, Ostireliya tana da kwamishinan tsaron intanet, amma ko a waɗannan ƙasashen an yi ta ja-in-ja a kan iyakar hannun gwamnati. Sai ka yi gwaji na ƙarshe a wannan sashe, wanda ya fi wuya ga masu son gwamnatin da ke ci: ka ɗauki jam'iyyar da ka fi tsoro, ka ɗora ta a kan kujera, ka miƙa mata wannan iko. In hankalinka ya kwanta, to. Gwamnati tana wucewa ta bar dokarta a hannun mai zuwa.

Agogo da tara

Kusan kowane ƙudiri yana da wa'adin cirewa. NetzDG, kafin a soke mafi yawanta a 2024, ta ba kafofin da ke da masu rajista sama da miliyan 2 a Jamus awa 24 su cire abin da ya saɓa wa doka ƙarara, kwana 7 ga mai sarƙaƙiya, da tarar da ta kai yuro miliyan 50. Faransa ta kwaikwaya a 2020, amma majalisar kare tsarin mulkinta ta soke ginshiƙin dokar a Yunin shekarar, tana cewa gajeren wa'adi da babbar tara za su sa kamfanoni su riƙa cire har abin da bai haramta ba. Indiya a 2021 ta sa awa 36 bayan umarnin kotu ko na gwamnati.

Akwai inda gaggawa ta zama dole. Ranar 15 ga Maris 2019 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 51 a masallatai biyu a Christchurch, yana nuna kisan kai tsaye a Facebook, kamfanin kuma ya ce ya cire ko ya tare kwafin bidiyon miliyan 1.5 a awa 24 na farko. Irin wannan, da hotunan lalata da yara, ba a jiran zaman kotu. Amma zargin ɓata suna ba a gane gaskiyarsa da ido. Don haka ka duba ko ƙudirin ya raba: ɗan wa'adi ga abin da kowa ya gani ya san haramun ne, isasshen lokaci ga abin da ke buƙatar sauraron ɓangarori biyu. In agogo ɗaya aka sa wa duka, ka ja layi.

Ƙorafina ga dokar Jamus, da duk masu kama da ita, shi ne ta karkata gefe guda: akwai tara in kamfani ya bar abin da ya kamata ya cire, babu tara in ya cire abin da ya kamata ya bari. To wane ma'aikaci ne zai tsaya tunani? Saboda haka ka nemi haƙƙin wanda aka goge wa rubutu. A DSA dole kamfani ya gaya maka dalilin cirewa ko rage yaɗuwar rubutunka, kana da aƙalla wata shida ka kai ƙorafi kyauta, ba a yarda inji kaɗai ya yanke hukunci a kan ƙorafin ba, kuma in ba ka gamsu ba akwai masu sasanci na waje, bayan kotu. Ƙudirin da bai ambaci wannan ba ko sau ɗaya, ba da kai aka yi lissafinsa ba.

Girman tara kuma a auna shi da aljihun mai biya. Dala biliyan 5 da hukumar kasuwancin Amurka ta ci Facebook a 2019 bayan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya samu bayanan miliyoyin masu amfani da Facebook ba da izininsu ba, ta girgiza jaridu, amma a shekarar kamfanin ya samu sama da dala biliyan 70. Shi ya sa sababbin dokoki ke amfani da kaso: DSA har kashi 6 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya a shekara, ta Birtaniya fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin ɗari, duk wanda ya fi yawa. Ka kuma duba ko an ware ƙananan shafuka. In an ɗora wa ƙaramin dandali nauyin da aka ɗora wa YouTube, manyan ne za su yi murna, don su kaɗai ke iya biyan lauyoyin.

Inda ainihin gyaran yake

Wannan ne sashen da na fi so in gani, kuma shi ne mafi ƙarancin samuwa. Rubutu guda ba shi ne babbar matsala ba. Matsalar tana cikin lissafin da ke zaɓa wa mutum abin da zai gani, wanda aka gina shi don ya tsare ido a kan allo, da kuma kasuwar talla da ke cin bayanan jama'a. Dokar da ke bin rubutu ɗaya-ɗaya ba za ta taɓa kamo su ba, ana cire ɗaya dubu na shigowa.

Dubi abin da DSA ta ɗora wa kafofin da ke da masu amfani miliyan 45 ko fiye a wata a cikin Tarayyar. Kowace shekara su auna haɗarin da tsarinsu ke jawowa ga zaɓe, da yara, da lafiyar jama'a, su faɗi abin da suka yi a kai, masu bincike na waje kuma su zo su duba ko gaskiya suka faɗa. Su buɗe rumbun tallace-tallace, kowa ya ga wa ya biya, su wa aka nufa. Su ba masana da aka tantance damar duba bayanai. Su ba mai amfani zaɓin ganin shafinsa ba tare da an bi diddigin halayensa ba. An kuma hana kafofi auna yara da talla ta hanyar bin sawunsu, an hana talla bisa addini ko ƙabila ko ra'ayin siyasar mutum. A Disamban 2023 Hukumar Tarayyar ta buɗe bincike na farko a ƙarƙashin dokar, a kan X. A fannin bayanan sirri kuwa, hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar yuro biliyan 1.2 a 2023 a kan kwasar bayanan Turawa zuwa Amurka, hukumar kare masu saye ta Najeriya ma ta ci shi dala miliyan 220 a 2024.

Lura da abu guda: duk waɗannan ba su ce wa kowa ya yi shiru ba. Kamfani suka ce ya buɗe littafinsa. In ka karanta ƙudiri daga bango zuwa bango ba ka ga maganar talla ba, ba ka ga maganar bayanai ba, ba ka ga bincike na waje ba, to masu shi ba kasuwancin kamfanin ne ya dame su ba.

Ƙananan layuka masu dafi

Akwai tanade-tanaden da ke zuwa a gajarce, can tsakiya. Na farko shi ne wakili a cikin ƙasa. A fuska babu aibi, ai ya kamata a san ƙofar da za a kai sammaci. Amma ka duba ko wakilin zai ɗauki laifin kamfani a wuyansa. Ƙa'idojin Indiya na 2021 sun buƙaci manyan kafofi su naɗa jami'ai uku mazauna ƙasar, ɗaya daga cikinsu ana iya gurfanar da shi shi da kansa. Kamfanin da ma'aikacinsa ke iya shiga kurkuku ba ya yawan musu da gwamnati. Turkiyya a 2020 ta ce wanda ya ƙi naɗa wakili ana iya rage masa ƙarfin intanet har kashi 90 cikin ɗari.

Na biyu, rufe kafa ɗungurungum. Brazil ta dakatar da X daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoban 2024 bisa umarnin alƙalin Kotun Ƙoli, Alexandre de Moraes, a rikicin da ya haɗa da ƙin naɗa wakili, har da barazanar tara ga masu shiga ta VPN, manhajar da ake zagaye toshewa da ita. Najeriya ta rufe Twitter, wato X na yanzu, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kotun ECOWAS kuma ta ce matakin ya saɓa wa doka. Ka duba ko rufewa mataki ne na ƙarshe bayan an gwada sauran, ko kotu ce ke ba da izini, ko tana da ranar ƙarewa. A rufewa, mai neman abincinsa ta shafin ne ke fara jin jiki, ba masu hannun jarin kamfani ba.

Na uku, gano wanda ya fara aika saƙo. WhatsApp ya kai gwamnatin Indiya kotu a kan wannan a Mayun 2021, yana cewa ba zai iya ba sai ya karya kullen da ke hana kowa karanta saƙo in ban da mai aikawa da mai karɓa. Ba a karya wa mutum ɗaya kulle a bar na saura. Na huɗu, tantance shekaru: kafin a gane yaro sai an tambayi kowa. To wa ke ajiye hoton katin shaidar, har yaushe? Dokar Ostireliya ta hana kamfani ya ce katin gwamnati kaɗai zai karɓa, ta kuma wajabta lalata bayanan bayan tantancewa. Nemi irin wannan.

Sai layin da ya fi su duka laushi: "Minista na iya fitar da ƙa'idoji don aiwatar da wannan doka." In babu iyaka a tare da shi, duk abin da majalisa ta cire da rana ana iya maido shi da dare. Ƙa'idojin Indiyan da na yi ta ambata ba sabuwar doka ba ce, a ƙarƙashin dokar shekarar 2000 aka fitar da su. Ka kuma dubi kalanda. Malesiya ta zartar da dokar labaran ƙarya a 2018 ana saura 'yan makonni zaɓe, gwamnatin da ta biyo baya ta soke ta a 2019.

Kada kuma ka haɗiye maganar kamfanonin ba taunawa. Suna da lauyoyi da masu kamun ƙafa, kuma sun iya sanya rigar 'yancin magana in ribarsu ce ke cikin haɗari. Da Ostireliya ta nemi su biya kafofin labarai, Facebook ya toshe labarai a ƙasar na wasu kwanaki a Fabrairun 2021, har da shafukan wasu hukumomin lafiya da na agaji. Kanada ta yi irin dokar a 2023, Meta ya cire labarai daga shafukansa a can. Ka tambayi kanka ko ƙasar da ke wannan ƙudiri tana da kasuwar da kamfani zai ji tsoron rasawa. In ba ta da ita, ƙasashe maƙwabta su haɗa kai ya fi kowa ya yi ihu shi kaɗai.

Abin da za ka yi da takardar

Yanzu gefen takardarka ya cika da layuka. Ka tattara su a shafi ɗaya, kada ya wuce. Kada ka rubuta "wannan doka zalunci ce", ba wanda zai karanta layi na biyu. Ka rubuta lambar sashe, abin da ya ce, wanda zai faɗa ciki ba da laifinsa ba, sannan kalmomin da kake so a sa a madadinsu: a nan a ƙara "da gangan", a nan a maye "minista" da "kotu", a nan a sa bitar dokar bayan shekara uku. Ka faɗi sassan da ka yarda da su ma, hakan ke sa a ɗauke ka da muhimmanci. Ka aika wa ɗan majalisarka da kwamitin da ke riƙe da ƙudirin kafin ranar jin ra'ayin jama'a, ba bayanta ba.

In kuma dokar ta wuce, akwai hanyar bin sawunta. Google yana wallafa rahoton buƙatun da gwamnatoci ke aika masa na cire abubuwa tun 2010, ƙasa-ƙasa, Meta da TikTok ma suna fitar da nasu. Ka ajiye alƙaluman ƙasarka na shekarar da ta gabaci dokar, ka dawo bayan shekara guda ka kwatanta: buƙatu nawa suka fito daga kotu, nawa daga ofisoshin gwamnati da 'yan sanda, kuma wane dalili aka rubuta a kan kowace.